Wace kalma ce ta dace da "value" a ƙamus ɗin Python?

1/ 'Yan uwa masu koyar da Python (yaren rubuta manhajar kwamfuta) da Hausa, mu tsayar da magana kan kalma ɗaya. `dict` dai ƙamus ne, wannan ya zauna. "Key" kuma mabuɗi. Inda bakinmu ya rabu shi ne "value", wato abin da ke ƙarƙashin kowane mabuɗi: wasu na cewa daraja, wasu ƙima.

2/ Ni duka biyun ba su kwanta mini ba. Bahaushe in ya ji daraja, mutunci ko tsada yake kawowa a ransa, ƙima kuwa kuɗin abu. Shawarata mu ce ajiya. Mabuɗi a hannu, ajiya a ciki.

3/ Ga dalili. Sabon ɗalibi ya rubuta:

`abinci = {"hatsi": ["gero", "dawa", "masara"], "kayan miya": ["tumatir", "attaruhu", "albasa"]}`

Yana so in an ba shirin da ya rubuta gero, ya dawo da hatsi. Sai ya sa `abinci["gero"]`, Python ta watso masa `KeyError`, wato babu wannan mabuɗin. Ya duba ya sake dubawa, ga gero nan ƙiri-ƙiri a rubuce, me ya sa aka ce babu?

Ka ce masa "gero daraja ce", zai bi ka da ido kawai. Amma ka ce "gero ajiya ce, ba mabuɗi ba, ai ba a buɗe akwati da kayan da ke cikinsa", nan take zai ga inda ya kauce.

4/ Gyaran shi ne ya bi rukunan ɗaya bayan ɗaya:

```
def nemo_rukuni(abu):
    for rukuni, kaya in abinci.items():
        if abu.lower() in kaya:
            return rukuni
    return "babu"
```

A lura da `return "babu"`, a wajen zagayen `for` take. In ta shige ciki, hatsi kaɗai za a duba, albasa ta ɓace. `lower()` kuma, mai mayar da haruffa ƙanana, an sa ta ne saboda Gero da gero ba ɗaya ba ne a wurin kwamfuta.

5/ Ajiya tana ɗaukar komai: lamba, rubutu, jeri, har wani ƙamus ɗin. Daraja ba ta da wannan faɗin. Jerin tumatir da albasa ba daraja ba ne ta kowace fuska.

6/ Na san za a ce to lambar da ke cikin `x = 5` fa? Ita ma ajiye ta aka yi ƙarƙashin suna, kalmar ba ta gaza ba.

Malamanmu na Maraɗi da Damagaram da ke koyarwa daga Faransanci, ku da kuke fama da "valeur", ajiya ta shiga kunnen ɗalibanku kuwa?