Tambaya a kan Henry Walter Bates, mai tara malam-buɗe-littafi da ƙwari

Malamin sakandare, Tudun Wada:

Assalamu alaikum. Ina koyar da ilimin halittu a wata makaranta a nan Zariya, kuma duk lokacin da muka zo darasin yadda halittu ke kare kansu daga masu cin su, sai sunan wani Bature, Henry Walter Bates, ya fito. Littafin ɗalibai bai faɗi komai ba sai cewa ya tara ƙwari a dajin Amazon a zamanin Sarauniya Victoria. Ina roƙon masana su ƙara mini haske: wane ne shi, da me ya riƙe kansa, kuma me ilimi ya ƙaru da shi daga mutumin da sana'arsa kama ƙwari ce da soke su da allura?

Malama, Samaru:

Wa alaikumus salam, Malam. An haifi Bates a garin Leicester na Ingila a 1825, kuma bai yi karatun jami'a ba, domin tun yana ɗan shekara 13 aka kai shi koyon sana'a wurin masu saƙa safa. A garin ne ya haɗu da Alfred Russel Wallace, wanda daga baya ya zama sanannen masanin halittu, suka ƙulla abota a kan sha'awar ƙwari, har suka tashi tare zuwa Birazil a 1848. Ba su da wata dukiya, saboda haka abin da suka kama shi ne jarinsu: suna busarwa su aika Landan wurin dillalinsu Samuel Stevens, ya sayar wa gidajen tarihi da attajirai, ya cire la'adarsa ya aiko musu da sauran.

Bates ya yi shekara 11 a can, ya sha fama da zazzaɓi da talauci, ya koma gida a 1859 da halittu iri fiye da 14,000, waɗanda kusan 8,000 daga cikinsu masana ba su taɓa sanin su ba. Amma a ganina yawan ba shi ne abin lura ba. Mutumin yana rubuta inda ya kama kowane ɗaya, kuma da ya jera su ya ga cewa akwai malam-buɗe-littafi masu launi mai ɗaukar ido da ke tashi a hankali ba tare da tsuntsaye sun taɓa su ba, sannan akwai wasu daga wani dangi dabam, waɗanda tsuntsu zai iya ci lafiya, amma sun ɗauki kamanninsu sak. Idan kamannin na farko ya sauya daga wannan yanki na kogin Amazon zuwa wancan, na mai kwaikwayon ma sai ya sauya tare da shi. Ya bayyana cewa tsuntsayen ne ke yin tankaɗe, domin wanda bai yi kama sosai ba a cinye shi, wanda ya yi kama ya tsira ya hayayyafa. An buga wannan bayani a 1862, kuma shahararren masanin halittu Charles Darwin ya yaba masa ƙwarai.

Tsohon malamin gona, Sabon Gari:

Malama ta yi bayani mai gamsarwa. Malam, ba sai ka kai ɗalibanka Amazon ba, ka kai su inda tumfafiya take. Akwai wani malam-buɗe-littafi mai ruwan lemo da baƙin baki da ɗigon fari a fiffike, Danaus chrysippus, wanda tsutsarsa ke cin ganyen tumfafiya, dafin ganyen ya zauna a jikinta har ta zama babba, shi ya sa tsuntsaye ke ƙyamar sa. Macen wani iri kuma, Hypolimnas misippus, ta kwaikwaye shi har sai mai ido sosai zai raba su, alhali namijinta baƙi ne mai manyan fararen tabo. Dabarar tana aiki ne idan masu kwaikwayon ba su rinjayi masu dafin ba, in ba haka ba tsuntsu zai gane cewa launin ba ya nufin komai.

Mutane suna mantawa da cewa bayan dawowar Bates ya sayar da tarinsa na malam-buɗe-littafi ya koma kan ƙwari masu taurin baya, dangin su buzuzu, yana wannan aiki a lokacin hutunsa, domin daga 1864 har rasuwarsa a 1892 mataimakin sakatare ne a Royal Geographical Society, wato ƙungiyar masana ilimin ƙasa da ke Landan. Mu da muka yi aiki a kan ƙwarin wake da na hatsi mun san darajar irin wannan tari, domin ba a yaƙar ƙwaro sai an tabbatar da ko wane ne.

Ɗalibi, Kongo:

Baba, ina da ƙari kaɗan. Wallace ya juya gida a 1852, jirginsa ya kama da wuta a teku, kusan duk abin da ya ɗauko ya ƙone, wannan ne ya sa Bates ya raba nasa kayan a jirage uku. Abin da ke damuna shi ne mutanen yankin da suka tuƙa masa kwalekwale, suka nuna masa hanya, suka taya shi kamu, ba kasafai ake ambaton su ba, kuma tarin yana Turai ne, ba Birazil ba. Ya kamata ɗalibai su ji wannan ɓangaren ma.

Malamin sakandare, Tudun Wada:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Akwai tumfafiya a bayan katangar makarantarmu, zan sa ɗalibai su riƙa duba ƙarƙashin ganyen, su rubuta rana da wurin da suka ga kowace tsutsa. Baba, a wane lokaci na shekara aka fi samun macen nan mai kwaikwayo?