Ina koyon mota a Jidda amma tsoron dawwar (shataletale) ya hana ni sakat, ku ba ni shawara

Maman Hanan, Jidda:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka riga ni. Ni a Hindawiyya nake, yarana uku, maigida tun bayan asuba yake fita shugul (aiki) sai bayan isha'i yake dawowa, kullum kai yara madarasa da ɗauko su sai mun biya mai mota, balle in lalurar asibiti ta taso da rana ba ya nan. Shi ne ya ce in je in koya. Na yi rajista ta Absher (manhajar gwamnatin Saudiyya), an min gwajin ido da na jini, da suka ga ban taɓa riƙe sitiyari ba suka rubuta min awa 30, yanzu na ci kusan rabi. A cikin filin makaranta ba ni da matsala, ribas da fakin duk ina yi, amma ranar da malama ta fitar da ni titi muka doshi dawwar wlh ƙafata rawa ta dinga yi a kan birki, na tsaya na kasa shiga, na baya sai danna min oda suke, da na koma gida sai da na yi kuka. Tun ranar ko maganar mota aka yi sai gabana ya faɗi. Shin haka kowa ya fara ko ni ce dai ba zan iya ba? Sannan maigida ya ce zai dinga fita da ni a motarsa ranar Juma'a da safe in ƙara sabawa, ya kuka gani?

Tsohon Direba, Misfala:

Wa alaikumus salam 'yata. Share hawayenki, abin da ya same ki ba gazawa ba ce, ido ne bai saba ba. Na shekara fiye da ashirin ina jan mota tsakanin Makka da Jidda da Madina, kuma na koya wa yara da yawa, duk ciwonsu ɗaya ne, suna kallon hancin motarsu maimakon su kalli nesa. Wanda ke kallon gaban bonet komai sai ya zo masa a bazata, shi ya sa ƙafa ke rawa. Tun kina nesa da dawwar ki ɗauke ƙafa daga totur, ki ɗora ta a birki a hankali, ki maida idonki hagu domin daga can motoci za su zo miki. Wanda ke ciki shi ke da hanya, ke mai shiga jira ne naki. Kuma kada ki kalli motar da ke tahowa, ki kalli sararin da ke bayanta, shi kike nema. Da kin ga sarari ki shiga da niyya ɗaya, kada ki sa kai rabi sannan ki taka birki, nan ne na baya ke dukan mutum. In kin wuce mafitarki ba komai ki sake zagayowa, babu mai cin ki tara a kan haka.

Ita kuwa oda, 'yata, mai oda ba shi zai biya gyaran motarki ba kuma ba shi zai kwana a asibiti ba. Ya danna har ya gaji. Na sha ganin yara sun afka cikin hatsari ba don ba su iya ba sai don jin nauyin wanda ke bayansu. Haka a babban titi irin Haramain, ki riƙe layin tsakiya ko na dama, na hagu bar wa masu sauri, in wani ya matso yana kunna miki fitila ki sa sigina ki kauce in da hali, in babu ki riƙe layinki har ki samu. Ki bar tazara tsakaninki da na gaba, in ya wuce wata alama ko turken fitila ki ƙirga ɗaya, biyu, uku a natse kafin ke ki iso wurin. Ranar da aka yi ruwa a Jidda kuwa ki ajiye mota, musamman hanyar da ke bi ta ƙarƙashin kubri (gada), duk wanda ya ga ambaliyar 2009 ya san abin da nake faɗa. Ki riƙe addu'ar hawa abin hawa, tana sanyaya zuciya.

Ummu Faisal, Madina:

Yar uwa Baba ya gama magana a kan dawwar, ni maganar maigida zan taɓa. Kada ki yarda ki hau titi da motarsa kafin ruksa (lasisin tuƙi) ta fito, ko da Juma'a ce titi ba kowa. Motar makaranta akwai birki a gefen malama, ta gida babu, in kika rikice ba abin da zai iya sai ihu, kuma in Allah ya kawo tsautsayi ko gogar wata mota kika yi mukalafa (tara) ce a kanki, ta'amin (inshora) ma zai iya dawo muku da kuɗin gyaran a wuya tunda ba ki da ruksa. Ni a 2019 na karɓi tawa, shekara ɗaya bayan an buɗe wa mata a watan Yunin 2018, kuma sai a gwaji na biyu na ci, na farko mantawa na yi ban sa sigina ba ban kuma duba madubi ba wajen canza layi. Abin da ya taimake ni shi ne in muna tafiya ina gefen maigida sai in dinga tuƙi da baki, ina cewa yanzu zan rage, yanzu zan duba hagu, ga sarari can, har idona ya saba kafin ƙafata. Ki kuma faɗa wa malamarki gaskiya ki ce dawwar kike tsoro ta maimaita miki shi, kuɗinku kuka biya. Bayan ruksa ta fito sai fitar Juma'ar ta yi amfani sosai, ku bi hanyar madarasar yaran sau da yawa har ki haddace ta, kuma satin farko kada ki ɗauki yara tukuna dan surutunsu kaɗai ya isa ya raba miki hankali.

Ɗan Karantina:

Anti ki yi hattara da Saher (kyamarar titi mai cin tara) kawai, ba ya jin magiya. Tsallake jar danja riyal 3,000 ne zuwa 6,000, riƙe waya kina tuƙi 500 zuwa 900, rashin ɗaura bel 150 zuwa 300, sai dai ki ga saƙo ya shigo waya. Ko dama za ki karya in danja ta yi ja ki tsaya cak kafin layi tukuna. Yaro ɗan ƙasa da shekara 10 baya zai zauna ba gaba ba. Ki sauke manhajar Najm (masu duba hatsarin mota) tun yanzu, in aka ɗan gogi juna ba rauni su ake kira a ɗauki hoto, in akwai rauni 997 motar asibiti. Kuma ki ce wa Yaya ya duba tayoyi kafin zafi ya shigo, akwai lamba huɗu a gefen taya, biyun farko sati biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta, tsohuwar taya da kwaltar watan Yuli ba sa shiri ko da zanenta bai cinye ba.

Maman Hanan, Jidda:

Allah ya saka muku da alheri, wlh har na ji wani nauyi ya sauka a ƙirjina. Baba na gane kuskurena, motar da ke zuwa nake zuba wa ido har ta wuce sannan in koma kan ta bayanta, ban taɓa neman sarari ba. Na nuna wa maigida maganar Ummu Faisal ya yarda mu jira ruksa, jiya ma da za mu gidan yayata na gwada tuƙin bakin tun daga gida har can. Ranar Lahadi nake da darasi ƙarfe tara, zan roƙi malama mu fara da ƙaramin dawwar na cikin unguwa. Ummu Faisal dan Allah ranar gwajinki na biyu da me suka fara, fakin ko fita titi?