Basir ya hana ni zama kan moto, ku taimaka da shawara

Ɗan kabu-kabu: Salamu alaikum ƴan uwa. Shekarata 34, kabu-kabu nake yi tsakanin Kasuwar Dole da Zango, tun safe har bayan isha'i. Moton ma na ƙanen babana ne, kullum sai na kai masa kuɗinsa ko na samu ko ban samu ba, ga iyali da tsohon ciki. Wata uku ke nan basir ya taso mini. In na zaga sai na daɗe ina yunƙuri, bayan gidan kamar na akuya, jini ja yana ɗiga. Na sha jiƙon jika biyu, zawo kawai ya sa ni, tsiron yana nan. Me zan ci, me zan bari?

Dattijon Birni: Ɗana, ka tafasa bagaruwa, in ta yi ɗumi ka zauna ciki safe da dare. Garin sabara a kunu. Yaji, kilishi da shayi ka yi sallama da su. Kada ka yarda kowa ya sa maka wuƙa.

Uwar biyu: Ni bayan haihuwa ya kama ni. Miyar kuka, kuɓewa da kwaɗon zogale suka sassauta mini ciki, da ruwa mai yawa. Amma ina ruwan? Kwana huɗu famfonmu ko ɗigo, ƴan garuwa sai abin da suka ce.

Ma'aikaciyar jinya: Baba, a yi mini afuwa. Zama cikin ruwan ɗumi yana rage raɗaɗi, gaskiya ne. Amma ba kowane jini ne basir ba, kuma zubarsa wata uku na iya ƙarar masa da jini. Malam, kana jin jiri? Je a duba ka, dubawa ba yanka ba ce. Jiƙon zawon nan ka ajiye shi, ƙara fama wurin yake.

Dattijon Birni: Ƴata, tun ba a haife ki ba muke maganin basir a Damagaram.

Ɗan kabu-kabu: Na gode. Amma wanda ya wuni a titi me zai samu in ba burodi da taliya ba? Yajin ma ɗan kaɗan nake barbaɗawa. Asibiti kuwa, wuni guda a layi wa zai biya kuɗin moto? Baba, bagaruwar da ƴaƴanta ake tafasawa ko a cire?

Ma'aikaciyar jinya: Ba ka amsa mini maganar jiri ba.