Neman kalma kafin Alhamis: me za mu kira "harmony" da Hausa?

Talatun Rediyo: Jama'a barkanmu da warhaka. Ina haɗa shirin minti 15 a kan Misa Criolla, waƙar ibadar Katolika da Ariel Ramírez, mutumin Ajantina, ya tsara a 1964. Alhamis da safe zan shiga ɗakin naɗa. Inda na maƙale: akwai wurin da mawaƙa suka kasu huɗu, kowane rukuni na bin nasa karin, amma kunne na jin abu guda. Bature ya ce harmony. Ni me zan ce? Sai kuma "choir". Don Allah kar a ce mini kwaya, na gwada a kan mai haɗa mana sauti, ya tambaye ni ko ta ciwon kai ce.

Ɗan Fagge: 'Yan amshi mana. An gama.

Baban Ladi: Ba a gama ba, ɗana. Shekara 26 ina koyar da mawaƙa a coci. Ɗan amshi jira yake uban waƙa ya ajiye, shi kuma ya ɗauka. Mu a tare muke tashi. Murya ta ɗaya mata ne masu siririyar murya, ta biyu mata masu kauri, ta uku maza na sama, ta huɗu 'yan bes. Ƙungiyar mawaƙa muke cewa, kowa na ganewa. Wancan kuma haɗin murya. In ya lalace nakan ce musu muryarku ba ta haɗu ba, a koma.

Ɗan Fagge: Baba ai na saurara yanzu. Mutum ɗaya ke jan baiti, taron na karɓa. In wannan ba amshi ba ne to mene ne?

Baban Ladi: A kashi na biyu, Gloria, ka yi gaskiya. Nan Ramírez ya ɗauko kiɗan rawar mutanen duwatsun Andis, ga ƙaramar garayarsu mai tsirkiya goma, charango, mai ja na ja, taro na karɓa. Ko a ƙauyenmu aka kunna shi sai mata sun yi guɗa. Amma koma farko, Kyrie, wato Ya Ubangiji ka yi mana jinƙai. Ganga ce kawai ke bugawa a hankali, mawaƙa sun rufe baki suna gunji ta hanci, kowane rukuni a nasa matakin, mai ja yana kuka a kansu. Ba su amsa masa komai ba. Shimfiɗa suka yi masa ya taka. Mun taɓa koyon wannan kashin, wata uku muka yi, kuma 'yan murya ta biyu ne suka fi ba ni wahala, don kullum kunnensu na jan su su bi 'yan ta ɗaya.

Malam Mai Nahawu: Haɗin murya bai yi ba. 'Yan makarantar allo ma suna haɗa murya, su hamsin a kan kari ɗaya. Kalmar ba ta nuna cewa muryoyin sun bambanta ba. Tun bara na kawo shawarar KITSON MURYA a nan, aka share ni. Kitso sili-sili ne, kowanne da hanyarsa, ga shi kuma tsari ɗaya a kai.

Talatun Rediyo: Allah ya gafarta Malam, hoton ya yi kyau. Tsorona mai sauraro a mota ya ɗauka shirin gyaran gashi ne.

Inna Magajiya: Malam, ka taɓa zama an yi maka? Sili uku ake kamawa, ba huɗu ba. Kuma wannan ya hau, wancan ya sauka, bi da bi. Kai da kake gudun amshi ka sake faɗawa cikinsa. In sana'ar hannu ake so a ɗauki saƙa, zare a tsaye, abawa a kwance.

Malam Mai Nahawu: Hajiya, kalma ba lissafi ba ce. Da haka ake bi da ba mu ce jirgin sama ba, tunda asalin jirgi na ruwa ne. Kitson murya na nan daram.

Ɗan Maraɗi: Mu nan koral muke ji ana cewa, daga Faransanci. Na ɗayan kuwa, tufkar murya fa? Igiya ai sai an murɗa zare da yawa take ƙarfi.

Ɗan Fagge: Kana cewa tufka kowa zai ƙarasa da warwara.

Injiniya Bala: Ku bar wahalar da kanku. Hamoni. Yaran situdiyo a Kano haka suke cewa in za a ɗora wa mawaƙi murya ta biyu. Mun karɓi rediyo, mun karɓi fiyano, wannan ce za ta gagare mu?

Malam Mai Nahawu: Ga irinta nan. Lalaci ke nan da ake kira ci gaba. Harshen da ke da kari da amo da rauji da amsa-amo shi ne zai je bara ƙofar Bature? Kuma a yi mini uzuri, Hausar da ake yi a coci-cocin Filato da kudancin Kaduna ba ita za a ɗauka ma'auni ba.

Baban Ladi: Malam, a hankali. Littafi Mai Tsarki cikakke ya fito da Hausa tun 1932. Ƙamusun Bargery na 1934 da kuke ɗagawa a aji, mai shi ɗan mishan ne. Kakata da Hausa ta yi waƙa har ta koma ga Mahaliccinta. Ban ce mun fi kowa ba, amma wannan abin da ake nema wa suna mu ke yin sa kowace Lahadi, ku kuwa a waya kuka ji shi.

Injiniya Bala: Kuma "nahawu" da ke jikin sunan Malam daga wace unguwar Kano ta fito?

Malam Mai Nahawu: Larabci ya shekara ɗaruruwa a bakinmu, ya zama ɗan gida. Baba, ban yi nufin raini ba. In maganata ta yi kaushi na janye rabinta.

Inna Magajiya: Rabi kawai.

Ɗan Maraɗi: Ni abin da ya ba ni dariya, shi mai waƙar irin rigimarku ya tarar. Sai a Disamban 1963 babban taron shugabannin cocin Katolika a Vatican ya buɗe ƙofar yin ibada da harsunan mutane, ba Latinanci kaɗai ba. Shekara na zagayowa ya fito da tasa da Sifaniyanci, da gangar makiyayan ƙasarsu. Kafin shi an yi Missa Luba a Kongo a 1958, kiɗan na gida amma kalmomin Latinanci. Shi kuwa har kalmomin ya mayar gida, kuma a 2014 aka rera ta a majami'ar Bitrus da ke Vatican a gaban Fafaroma Francis.

Talatun Rediyo: Wannan zai shiga shirin, na gode. Amma agogo na tafiya. Ga abin da na rubuta, a duba mini: "Waƙar kashi biyar ce: roƙon jinƙai, ɗaukaka ga Allah, shaidar bangaskiya, Mai Tsarki, sai Ɗan Rago na Allah. Kalmomin tsofaffi ne, na ibada, Ramírez kari ya ɗora musu. Ƙungiyar mawaƙa ta kasu huɗu tana haɗin murya, wato kowane rukuni da nasa karin, amma suna shiga juna kamar kitso."

Baban Ladi: Ya yi, 'yata. Ki ce "Misa" sau ɗaya ki bayyana cewa ita ce babbar sujadar Katolika, don ba kowa ya sani ba. Kuma ki bar Kyrie ta yi ko minti ɗaya ba ki sa baki ba.

Injiniya Bala: Kalma goma sha a inda hamoni ɗaya ta isa. Ba komai, shirinki ne.

Malam Mai Nahawu: Wato an mayar da kitsona ɗan rakiya. "Kamar" ɗin nan ce ta kashe shi. To, a je a haka saboda Alhamis, amma ni a ajina kitson murya zan ci gaba da koyarwa. Kuma har yanzu ba wanda ya faɗa mini me za a kira murya ta huɗu in ba bes ba.

Ɗan Fagge: Gwauron murya.

Inna Magajiya: Kar wanda ya amsa masa sai Talatu ta naɗa.