Injin yankan ciyawa: na fetur ko na lantarki?

Salam jama'a, dan Allah ku ba ni shawara. Tunda damina ta kankama ciyawar tsakar gidana a Jos ta fi ƙarfin lauje, injin fetur ɗin da na saya na hannu kuma sai na ja igiya har kafaɗa ta gaji bai tashi ba, bakanike ya wanke kafireto ya canza fulogi, sati biyu ya sake mutuwa. Ina tunanin na lantarki amma wutarmu ba tabbas, ga jan waya cikin jiƙaƙƙiyar ciyawa yana ban tsoro. Mai batir fa, yana jure ciyawa mai kauri? Filin bai wuce rabin fuloti ba, amma akwai tsakuwa. Wanda ya taɓa amfani da su, wanne ya fi ƙarko kuma ake samun kayan gyaransa?