Yatsuna na rawa tun kafin in kaɗa

Ɗan_Jita: Salamu alaikum 'yan uwa, jiya na hau siteji karo na 3 kuma wallahi baiti na biyu ya gudu daga kaina ɗungurungum, na tsaya kamar gunki mutane na kallona, har yanzu ban runtsa ba. Duk mai amsawa ya riƙe min ƙafiyar "wa" dan Allah.

Na rungumi jita, yatsu na karkarwa,
gumi ya jiƙa tafi, tsirkiya na zamewa,
fitila a idona, miyau na ƙafewa,
baitin da na yi wata 3 ina haddacewa,
na buɗe baki, sai ga shi yana sulalewa.

Na dawo gida waya ta hana ni kwantawa,
mutum 40 sun yaba, guda ya ce "ba ka iyawa",
na manta 40 ɗin, shi ɗaya nake ta karantawa,
da safe Baffa ya ce "tsaranka na aiki, kai kana kaɗe-kaɗen ɓata wa",
in rataye jitar nan ne, ko in ci gaba da daurewa?

Mai_Sarewa: Wa alaikumus salam ƙanina, "ɓata wa" ɗin nan ka matsa mata ta shiga ƙafiya da ƙarfin tsiya hhh, amma na yafe maka.

Ba ciwo ba ne ƙanina, jikinka ne ke shiryawa,
ya ga idanu ɗari, ya ɗauka zaki ke tahowa,
ya saki sinadarin adirenalin, zuciya ta hau bugawa,
jini ya tafi cinya da dantse don faɗa ko tserewa,
yatsu su yi sanyi, baki ya hau bushewa.
Ni mai busa ne, bushewar baki ita ke kashe sarewa,
ja iska ka ƙirga 4, ka sake ta a 8 kana sassautawa,
dogon fitar numfashi shi ke sa bugun saukowa.

Oga_Ganga: Ni fa lissafi ba na shiri da shi, ƙafiyar ma na canza, ku yi haƙuri

Ku bar wahalar da yaro, ai akwai ƙwaya,
kafin a kira sunanka ka kora ka haɗiya,
hannu ya tsaya cak kamar an ɗaure da igiya,
manyan makaɗa na sha, ba na ƙarya.

Anti_Nas: Oga Ganga rabin gaskiya ka faɗa kuma rabin da ka bari shi ne mai haɗarin. Eh, wani bincike na 1987 a kan makaɗan okestira (manyan ƙungiyoyin kiɗa) na Amurka ya nuna kashi 27 cikin 100 sun taɓa amfani da irin maganin nan, propranolol da danginsa, amma fa ba abin da aboki ke miƙa wa aboki a bayan siteji ba ne.

Maganin hawan jini ne, ɗana, da zuciya,
mai asma in ya sha ƙirji kan toshe gaba ɗaya,
yana tsayar da rawar hannu, wannan gaskiya,
amma "ba ka iyawa" tana nan daram a ƙwanya.
In abin ya kai ga hana ka barci kwana da kwanaki a jere, ka ji ɗana,
je ka ga likita, babu abin kunya.

Layi na 5 ya fita daga layi, na sani, ku bar ni, daga aikin dare nake.

Oga_Ganga: Na janye Anti, a yi min afuwa.

Baba_Fiyano: Jikana, gashina ya yi fari a kan fiyano kuma har gobe gwiwata ta hagu sai ta yi rawa a kan feda a waƙar farko, na daina faɗa da ita tuntuni.

Mawaƙiya Barbra Streisand a 1967 kalmomi suka yi mata ɓacewa,
ta yi shekara 27 tana gudun sake hawa,
Horowitz, gwanin fiyano, a 1953 ya yi janyewa,
sai 1965 aka gan shi yana dawowa,
kai dare ɗaya tal, har kana zancen ratayewa?

Baffanka kuwa tsoro ne ke sa shi faɗan da kake gujewa,
yunwa yake hango maka, ba ya son ya ga kana tagayyarewa,
kar ka yi musu, nuna masa awa nawa kake gwadawa,
da abin da kake yi a gefe don aljihu ya samu tsayuwa.

Mai_Sarewa: Baba Allah ya ƙara girma, amma wani Baffan ko takardar kwantiragi ka ajiye masa a cinya ba zai sauko ba, nawa shekara 9 ke nan bai taɓa jin busata ba, muna gaisawa lafiya lau, zancen sarewa ne kawai ba ma yi.

Baba_Fiyano: Haka ne ɗana, akwai irinsu, ban musa ba.

Ɗan_Jita: Na dawo, kwana 12 ke nan, daren jiya na sake hawa.

Yatsun dai Baba ba su fasa karkarwa,
na bar su suna yi, ni kuma ina kaɗawa,
na tsallake layi guda, na ga ba mai lura balle tankawa,
waya na ba abokina, sai da safe ya yi maidowa,
mutumin nan ya dawo, yau cewa ya yi "da ɗan sauran gyarawa",
Baffa ko ya ga takardar awannin gwajina, ya ce hmm, ya ci gaba da alwalawa.

Yaya Mai Sarewa ni fa 8 ɗin nan ba na kaiwa, ina zuwa 6 iska ta ƙare, ko da inda nake kuskurewa?

Mai_Sarewa: Tsaya a 6 ɗin, tsuke leɓe kamar za ka yi fito iskar ta fita siririya. Kuma "alwalawa" ba kalma ba ce, wannan karon ban yafe ba.