Me ya haɗa "duke" da "Herzog"?

Ɗalibar Tarihi:
Assalamu alaikum. Ina karatun tarihin sarautun Turai, sai na lura cewa sarautar da Ingilishi ke kira "duke", Faransanci na ce mata "duc", Italiyanci kuma "duca", amma a Jamusanci sai ta koma "Herzog", wadda ko kaɗan ba ta yi kama da su ba. Shin asalinsu ɗaya ne, ko kuwa masu fassara ne suka daidaita su? Ina roƙon malamai su warware mini.

Mai Bin Salsala:
Wa alaikumus salam, Malama. Ukun farko uwarsu ɗaya, wato kalmar Latin "dux", jagora, wadda Rumawa ke bai wa kwamandan rundunar da ke tsaron wani yanki. Daga gare ta ne aka samu "doge", shugaban birnin Benis na Italiya, sarautar da ta ɗore har 1797 lokacin da Napoleon ya kawo ƙarshenta, haka ma "Duce" da Musolini, tsohon shugaban Italiya, ya laƙaba wa kansa. Ita "Herzog" ba ta fito daga Latin ba, amma idan aka fasa ta gida biyu, ɓangaren farko na nufin runduna, na biyu kuma ja, ma'ana mai jan runduna. "Voivode" ta harsunan Silabawa, wato Rashawa da danginsu na gabashin Turai, ma haka aka gina ta. Ke nan harshe ya bambanta, aiki ɗaya ne.

Tsohon Malami:
Malam ya yi bayani mai gamsarwa, sai dai ba kowace daidaitawa ce ke da wannan tsabta ba. Sarautar "comte" ta Faransanci da "conte" ta Italiyanci da "conde" ta Sifaniyanci sun fito daga kalmar Latin "comes", abokin tafiyar sarki. Ingila kuwa, ga wannan sarauta, ta riƙe tsohuwar kalmarta "earl", 'yar'uwar "jarl" ta mutanen Sikandinabiya, ko bayan Normawa daga arewacin Faransa sun ci ƙasar a 1066. Abin da ke ba ni dariya shi ne, har yau matar "earl" "countess" ake ce mata, daga "comte": miji da sunan gida, mata da na aro.

Mai Bin Salsala:
Gaskiya ne, Malam, kuma akwai inda sunan mutum ne ya rikiɗe ya zama sarauta. "Kaiser" ta Jamus da "tsar" ta Rasha, wadda aka naɗa Iban na Huɗu da ita a 1547, duka daga sunan Kaisar na Rum suke. Wadda ta fi ba ni mamaki ita ce kalmar sarki a gabashin Turai: "król" a Folan, "král" a Cek, "korol" a Rasha. Dukansu daga Karl ne, wato Shalaman, babban sarkin yammacin Turai, wanda Fafaroma ya ɗora wa kambi a shekara ta 800. Silabawa sun sha fama da rundunoninsa a kan iyaka, amma da sunansa suke kiran sarki.

Ɗalibar Tarihi:
Na gode, Allah Ya ƙara sani. Tunda an ambaci iyaka, shin sarautun "marquis" ta Faransanci da "Markgraf" ta Jamusanci na da alaƙa da ita?

Tsohon Malami:
Ƙwarai kuwa, Malama. "Mark" yankin kan iyaka ne, mai sarautar kuma shi ke tsaronsa, kuma ita ce dai kike gani a ƙarshen sunan ƙasar Denmark.